Littafin da Ya Tsallake Zaman Makoki

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na biya gidan Yaya in gaishe ta in kuma ci abincin rana, al'adar da na fara tun ina gwauro kuma aure bai raba ni da ita ba. Ina cikin cire takalmi a bakin ƙofa sai ga 'yarta ta fari ta fito daga ɗaki, idanu jajir, ta miƙo mini littafi ko gaisuwa babu. Sai da uwarta ta daka mata tsawa daga kicin sannan ta durƙusa ta ce, "Kawu ina wuni." Ko amsawa ban gama ba ta ɗora da cewa, "Amma wallahi Kawu ba ka kyauta mini ba. Ka san abin da ke ciki, ka ba ni."

Sunan mahaifiyarmu aka sa wa yarinyar, saboda haka ba mai kama sunan a gidan, Ummi muke ce mata. Shekararta 14. Littafin kuwa shi ne na bakwai kuma na ƙarshe a jerin labaran Harry Potter, wato Harry Potter and the Deathly Hallows, nawa na kaina, bugun Ingila mai shafi 607, wanda na saya a hannun masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, bangonsa duk ya sha salatif. Ni na riƙa ba ta su ɗaya bayan ɗaya tun farkon dogon hutu. Cikin mako bakwai ta cinye duka.

Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya ajiye wannan rubutu a nan, don zan fasa ƙwai ba ɗaya ba ba biyu ba.

Abin da Ummi ta yi a mako bakwai, mu shekaru muka yi muna jansa. Littafi na shida ya fito a Yulin 2005, ya ƙare da Snape, malami a makarantar matsafan da Harry yake karatu, ya kashe Dumbledore, shugaban makarantar, a saman hasumiya, ga kuma wata 'yar takarda mai sa hannun wani da ya kira kansa R.A.B. Daga nan aka bar mu shekara biyu cur muna lasar baki. Muna sakandare a Zariya lokacin, mu shida ne masu wannan cuta a ajinmu, kuma ba abin da ba mu tattauna ba a gindin darbejiyar bayan ajin. Snape munafiki ne ko da wata a ƙasa? Dumbledore ya mutu da gaske, ko dabara ce? Harry zai kai labari? Akwai wani a cikinmu da ya rantse har da dafa ƙirji cewa Neville, wani ɗan ajin su Harry, shi ne zai kashe Voldemort, mugun matsafin da ya kashe iyayen Harry. Kowa ya riga ya rubuta nasa littafin na bakwai a kansa, yana jiran matar nan Rowling, marubuciyar littattafan, ta zo ta tabbatar masa.

Ranar Asabar 21 ga Yulin 2007 aka sake shi, da sha biyu da minti ɗaya na dare agogon Landan, wanda a wannan lokaci na shekara daidai yake da namu na Najeriya. A awa 24 na farko an sayar da kwafi miliyan 8.3 a Amurka, sama da miliyan 2 da rabi a Birtaniya. Yara a can sun kwana a layi a ƙofar shagunan littattafai sanye da hulunan matsafa. Mu namu layin daban ne. Sai wajen ƙarshen Agusta kwafi ɗaya tal ya iso hannunmu, ta hanyar yayan wani abokinmu da ya zo hutu daga Ingila. Muka yi ƙuri'a, kowa kwana biyu, ni na zo na huɗu. Ranar da na uku zai miƙo mini, ya riƙe littafin bai saki ba, ya kwantar da murya kamar mai kawo saƙon rasuwa, ya ce, "Sai haƙuri fa, Fred ya riga mu gidan gaskiya." Fred kuwa ɗaya ne daga cikin tagwayen yayyen Ron, aminin Harry. Mako biyu na yi ban yi masa magana ba, kuma har gobe in mun haɗu a wurin ɗaurin aure sai na tuna masa.

Daren farko aka ɗauke wuta, ga ruwan Agusta yana dukan kwano, na kunna fitilar ƙwai na kwanta rub da ciki a tabarma. Mama ta leƙo wajen ƙarfe ɗaya ta ce, "Da haka kake rungumar littafin makaranta, da tuni ka zama likita." Na gama shi dare na biyu ana kiran assalatu. Na rufe, na zauna shiru. Irin yanayin nan ne da mutum zai tashi daga gaban akushi cikinsa dam amma bakinsa yana neman wani abu da bai san sunansa ba. Na yi shekaru ina ɗora laifin a kan babin ƙarshe kawai, kamar yadda kowa yake yi. Sai da Ummi ta tsare ni a falon uwarta na gano inda ƙaiƙayin yake.

Marubucin da ya ce labarinsa littafi bakwai ne, bashi yake ci tun daga shafin farko. Duk sirrin da ya ɓoye, duk mutumin da ya sa ka so, duk tambayar da ya bari a rataye, bashi ne, kuma littafin ƙarshe shi ne ranar biya. In za a yi adalci, matar nan ta biya da yawa, wasu ma har da gyara. Dubi labarin R.A.B. Da yawanmu mun riga mun canka cewa Regulus ne, ƙanin Sirius Black, aminin mahaifin Harry, don haka sunan bai girgiza kowa ba. Abin da ba mu zata ba shi ne bakin da za a ji labarin daga gare shi: Kreacher, ɗaya daga cikin ƙananan halittun da matsafa suke bautarwa, tsohon bawan gidan nan mai ƙunƙuni da muka tsana tun littafi na biyar. Shi ya zauna a ƙasan kicin yana rawar jiki yana ba da labarin yadda ubangidansa ya shanye ruwan dafin da kansa maimakon ya sa bawansa ya sha, ya umarce shi ya koma gida, gawarwakin cikin tafki suka janye shi ƙasa. Babi ɗaya ya juya mana mutum biyu, wanda muka ɗauka matsoraci da wanda muka ɗauka mugu. Haka Dudley, ƙaton ɗan gidan da Harry ya tashi, wanda ya yi shekaru yana jibgarsa, ya ajiye masa kofin shayi a bakin ƙofa, ya miƙa masa hannu ranar rabuwa. Haka Neville, wanda muka fara sani yana neman kwaɗonsa da ya ɓata a jirgin ƙasa, ya zaro takobi daga cikin hula tana ci da wuta ya fille kan macijiyar Voldemort. Abokinmu mai rantsuwa bai ci cacar ba, amma ya kusa.

Babban biyan dai shi ne babi na 33, inda Harry ya zuba tunanin Snape a kwanon nan na Dumbledore mai nuna abin da mutum ya tuna, ya nutsa kansa. A nan ne shekara biyu na gardamar gindin darbejiya ta zo ƙarshe cikin shafuka kaɗan. Snape ya san Lily, mahaifiyar Harry, tun suna yara a gari ɗaya, ya so ta, ya ɓata da bakinsa, ya kai tsegumin da ya jawo ajalinta, ya ƙare rayuwarsa yana gadin Harry, ɗan mutumin da ya fi tsana. Kisan Dumbledore ma shiri ne tsakaninsu, don tsohon ya riga ya ɗauko ajalinsa daga zoben da ya sa. A cikin babin ne kuma aka jefo wani ɗan abu da ya fi tsaya mini a rai fiye da soyayyar: ashe Petunia, yayar Lily wadda ta riƙe Harry, ta taɓa rubuta wa Dumbledore wasiƙa tana roƙon a ɗauke ta makarantar ita ma, aka ba ta haƙuri. Duk muguntar da ta yi wa maraya a littafi shida, ashe hassadar yarinyar da aka bari a tasha ce. Duk wanda ya tashi a gidan yawa, inda aka kai wani makaranta aka bar wani, ba sai an yi masa fassara ba.

Akwai kuma bashin da aka biya da kuɗin da sai ka ɗaga su sama ka duba. Maganar babbar sandar tsafin nan nake nufi. A littafi na shida aka gina mana cewa Voldemort ya raba kurwarsa ya ɓoye a cikin kayayyaki, aikin da ke gaba shi ne a nemo su a farfasa. Kwatsam a na bakwai sai ga wasu kaya uku daga tatsuniyar 'yan'uwa uku: sanda da ba a cin mai ita a faɗa, dutse mai kiran matattu, da mayafi mai aikin layar zana. Mayafin dai tun littafin farko muna tare da shi, dutsen ma yana kan zoben littafi na shida, ban ƙi ba. Amma dokar da aka yanke hukuncin yaƙin gaba ɗaya da ita, wato cewa sanda tana canza ubangida in an ƙwace ta, sai da labari ya yi nisa sosai aka zaunar da tsohon maƙerin sanduna ya karanto mana ita. Sakamakon haka, a daidai lokacin da ya kamata numfashi ya ɗauke, Harry da Voldemort suna zagaya juna a babban zauren makaranta, sai Harry ya tsaya yana jero isnadi kamar mai shari'ar gona a gaban alƙali: Draco Malfoy, abokin gabata na makaranta, shi ne ya fara kwance wa Dumbledore sanda kafin Snape ya kashe shi, saboda haka Draco ne mai ita ko da bai taɓa riƙe ta ba, ni kuma na fizge wata sandar daban daga hannun Draco a gidansu, saboda haka wannan ma tawa ce. Ummi ta ce sau uku ta karanta wurin, daga baya sai da ta zana shi a bayan littafin lissafinta da kibiyoyi. Lissafin ya fita, ba a ci kowa ba. Sai dai yaƙin shekara bakwai da aka kashe da takardar shaidar mallaka, ni dai bai taɓa gamsar da ni ba, yau ma da na sake dubawa bai gamsar ba.

Tsakiyar littafin, inda Harry da aminansa Ron da Hermione suke yawo da tanti daga daji zuwa daji, ga yunwa ga sanyi ga rashin sanin inda aka dosa, ita ce muka fi zagi a 2007. Na tuna ina tsallake sakin layi don kwana biyuna na ƙarewa. Yanzu kuwa nan nake rage gudu. Wanda ya taɓa haɗa jari da aminansa, kuɗi suka ƙare, kowa ya fara kallon ɗan'uwansa a kaikaice, ya san daren da Ron ya yi fushi ya fice cikin ruwan sama. Wannan ra'ayi ne da shekaru suka canza mini. Ummi ta ce wurin ya gundure ta, ban yi mata musu ba, lokacinta bai yi ba.

Abin da ya sa ta kuka daban ne. Na zauna, uwarta ta ajiye mini shinkafa da wake da mai da yaji, na ce to Ummi faɗa mini laifina. Ta fara lissafi da yatsu. Mujiyar Harry tun a babi na huɗu, ita da a garin nan in ta ji kukan mujiya a kan katanga sai ta toshe kunne tana a'uziyya. Sai Moody, tsohon mai farautar mugayen matsafa. Sai Dobby, bawan gidan da Harry ya 'yantar. Sai Fred, yana cikin dariya don yayansa Percy ya yi barkwanci karon farko bayan shekaru na gaba, bango ya fashe. Sai ta zo kan Lupin, tsohon malamin Harry, da matarsa Tonks, muryarta ta canza. "Kawu, ko nuna mana yadda suka mutu ba a yi ba. Kawai Harry ya shigo zaure ya gan su a kwance. Jaririnsu fa ko wata biyu bai yi ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kuma ko binne su ba a yi ba. Na juya shafi ina jiran jana'iza, sai na ga wai bayan shekara 19."

Na ajiye cokali. Shekara kusan 19 ke nan ni ma da karanta littafin, na karanta shi ya fi sau biyar, ban taɓa faɗin abin a fili haka ba.

A duba a gani. Voldemort ya faɗi, rana ta fito, littafin da kansa ya ce Fred da Tonks da Lupin da Colin Creevey da wasu mutum 50 ne suka mutu suna yaƙarsa. Colin yaro ne da shekarunsa ba su kai ba, an kore shi ya saɗaɗo ya dawo. Daga nan shafuka nawa suka rage? 'Yan kaɗan. Mutane sun zazzauna a tebura ba a bin tsarin gidaje, iyalan Malfoy sun takure a gefe ba su san ko ana maraba da su ba, ƙawarsu Luna ta ɗauke hankalin jama'a Harry ya sulale ƙarƙashin mayafinsa, ya hau ofishin shugaban makaranta, hotunan bango suka yi masa tafi, ya gyara karyayyar sandarsa, ya ce ya gaji da fitina. Shi ke nan. Ba a haƙa kabari ko ɗaya ba. Ba mu bi Molly, uwar su Fred, gida mun ga yadda ta shiga ɗakin tagwayenta ba. George, abokin tagwaicin Fred, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ƙarasa magana shi kaɗai ba, ba mu ji ta bakinsa ba. Akwai wata baiwar Allah Andromeda, uwar Tonks, wadda a shekara ɗaya ta rasa miji, ta rasa 'yarta tilo, ta rasa suruki, aka bar ta da jariri a hannu. Ko leƙa ta ba a yi ba.

Kuma ba a ce marubuciyar ba ta iya ba ne. Littafi na shida babi guda ta ware wa jana'izar Dumbledore, kowa ya zo, har mutanen cikin tafki da na daji. A cikin na bakwai ɗin ma, wurin da ya fi kowane ƙarfi a wurina kabari ne. Bayan wuƙar Bellatrix, ɗaya daga cikin mabiyan Voldemort, ta sami Dobby, Harry ya ce ba zai yi amfani da tsafi ba, a ba shi shebur. Ya haƙa da hannunsa cikin dare a bakin teku har tafinsa ya yi kanta, ya naɗe gawar da rigarsa, Ron ya cire takalmansa da safarsa ya sa mata, abokinsu Dean ya kawo hula, Luna ta rufe mata ido ta yi godiya a madadin kowa. Sannan Harry ya sassaƙa a kan dutse cewa wanda ke kwance a nan 'yantacce ne.

Ina ɗan shekara 16 na karanta wurin na ji tausayi na wuce. Shekara huɗu da suka wuce Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ni da wana muka shiga kabarin muka karɓe shi, muka kwantar da shi ta gefen dama, aka miƙo itace muka jera, aka miƙo kwaɓaɓɓiyar ƙasa muka toshe kafofin. Har yau ina jin sanyin ƙasar nan a yatsuna. Bayan wata biyar ko shida na ɗauko littafin don kawai in ɗauke hankalina, na zo kan Harry da sheburinsa, sai na kasa wucewa. Matar ta san abin da hannu yake yi wa zuciya a irin wannan rana.

Amma binnewa ai farkon abin ne. Abin da ya riƙe mu shi ne kwana ukun da suka biyo baya, a kan tabarmi a ƙofar gida. Mutum ya zo ya durƙusa, "Ya haƙuri?", a yi addu'a, a shafa, ya ɗan zauna. A cikin zaman nan ne wani dattijo da ban taɓa gani ba ya ce Baba ne ya biya masa kuɗin asibitin matarsa shekara 20 da suka wuce, bai taɓa gaya wa kowa ba. Wani ya ba da labarin yadda suka yi faɗa a kan keke suna samari, muka yi dariya har da hawaye, a gidan mutuwa. A zaman makoki ne mutum yake sanin girman abin da ya rasa, a kuma nan ne yake fara koyon zama da rashin. Mai karatun da ya yi littafi bakwai tare da Fred, ya yi dariyar duk wata tsiyar da suka shuka shi da ɗan'uwansa, yana da haƙƙin a shimfiɗa masa tabarmar nan ko ta shafi goma ce. Maimakon haka aka ɗauke shi daga filin yaƙi, jini bai bushe ba, aka dire shi a tashar jirgin ƙasa cikin 'yan rakiyar yara makaranta, kowa da matarsa, ana raha a kan jarrabawar tuƙin mota. A babin nan gaba ɗaya ba a ambaci George ba.

Rowling ta sha faɗa cewa ta rubuta wannan babi na rufewa tun da daɗewa, kafin ma littafin farko ya fito a 1997, ta adana shi, daga baya ta yi masa gyare-gyare. Ana jin haka a jikinsa. Muryarsa ta littafin farko ce, mai sauƙi da wasa, alhali labarin da aka jingina shi a kai ya riga ya girma ya ga mutuwa. Kamar a ɗauko rigar da aka ɗinka wa yaro ta sallar yaye a ce ya sa ranar ɗaurin aurensa. Ta kuma faɗa cewa da farko Arthur Weasley, mahaifin su Ron, ta yi niyyar kashewa a littafi na biyar, ta kasa, sai Lupin da Tonks suka biya, don tana son labarin ya rufe da wani marayan kamar yadda ya buɗe da maraya. Dalilin yana da kyau. Amma in za ka mayar da yaro maraya don ka nuna mana abin da yaƙi yake yi, to ka bari mu ga marayan a hannun kakarsa, kada ka nuno shi sai ya zama saurayi yana zance a tasha.

Ina ganin ita ma abin ya tsaya mata. Daga 2015 ta yi 'yan shekaru duk ranar 2 ga Mayu, ranar da aka yi yaƙin a cikin labarin, tana fitowa a Twitter ta nemi gafarar kisan mutum ɗaya. Da Fred ta fara, a 2016 Lupin, a 2017 Snape, a 2018 Dobby. Mutane suka riƙa taruwa a ƙarƙashin saƙon suna jajanta wa juna. Ta'aziyyar da ba a yi a littafi ba ce ta dawo bayan shekara takwas ta ƙofar baya.

Muna cikin wannan sai Yaya ta fito tana goge hannu da gefen zani, ta ce wai me ake wa kuka ne tun ɗazu. Ita ba ta taɓa karanta ko ɗaya ba, amma a zamaninta ba wanda ya kai ta cin littattafan Hausa na haya, naira biyar ko goma kwana ɗaya, na ɗaya da na biyu da na uku, ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. Ummi ta zayyana mata ƙarshen: Harry ya auri Ginny ƙanwar Ron, Ron ya auri Hermione, ga 'ya'ya, ga sunayensu. Yaya ta taɓe baki ta ce, "Yo ai wannan ƙarshen namu ne. A sha wahala littafi uku, a shafin ƙarshe a yi aure, a haihu, muguwa ta haukace ko ta zo neman gafara. Ashe Turawan ma haka suke yi?" Sai ta sa aka maimaita mata sunayen yaran. James, sunan uban Harry. Lily, sunan uwarsa. Albus Severus, sunayen malamansa biyu. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ita matar daga sama ta faɗo? Haihuwa uku, ko ɗaya ba a yi wa nata takwara ba? Ga ɗan'uwanta ma da kuka ce ya mutu a yaƙin?"

Na yi dariya har na ƙware. Masu karatu a Turai da Amurka sun shekara suna yi wa sunan Albus Severus ba'a, wai wane irin mutum ne zai ɗora wa jariri sunayen matattu har biyu. Mu wannan bai taɓa zama abin mamaki a wurinmu ba, ga Ummi nan zaune, ga Abba da Walid da Khalifa a kowane gida. Tambayarmu ita ce wa ya cancanta. A nan ne ni da Ummi muka raba hanya. Na ce mutumin nan ya yi shekaru yana kallon ƙwayar idon Voldemort yana yi masa ƙarya, ya mutu ba wanda ya san alherinsa, in Harry bai ɗaga sunansa ba wa zai ɗaga? Ta ce, "Kawu, mutumin da Neville ya fi tsoro a duniya fa, malaminsa. Yaro ɗan shekara 13, iyayensa suna asibiti ba su san shi ba, shi kuma yana wulaƙanta shi gaban aji. Don ya so uwar Harry? Irin wannan yafe masa ake yi, ba takwara ba." Ban sami amsa ba, na koma kan shinkafata.

In aka tambaye ni yau ko littafin ya gamsar, zan ce ya amsa kusan duk tambayoyin da muka kwana da su shekara biyu, kuma jerin labarai kaɗan ne suke iya haka. Ban yi nadamar ba Ummi shi ba, gobe ma zan ba wani. Amma akwai waɗanda aka tashi taro ba a sallame su ba, kuma ba masu makoki kaɗai ba. Tun littafi na huɗu Hermione take fafutukar 'yanta bayin gida, a na biyar Dumbledore da bakinsa ya ce matsafa sun daɗe suna zaluntar sauran halittu. Kreacher ya jagoranci bayin kicin suka fito yaƙi da wuƙaƙen yanka nama. To bayan an ci nasara, tunanin Harry na ƙarshe kafin a rufe babin shi ne gadonsa, da ko Kreacher zai kawo masa ɗan burodi can sama. Bawa ya yi yaƙi ya dawo bawa. Ummi ba ta lura da wannan ba, ni ma ban nuna mata ba, abin da ke kanta ya ishe ta.

Da la'asar ta yi na tashi tafiya, littafin a hammata. A soro na tarar da ƙaninta, ɗan shekara 11, ya baje a kan buhun masara da littafi na uku, wanda ya karɓa daga hannunta makon jiya. Ummi ta biyo ni da ledar dambun da uwarta ta ce in kai gida. Na tambayi yaron ina ya kai, ya ce wurin da aka ba Harry taswirar nan mai nuna sawun kowa. Na ce to duk a cikinsu wa ya fi burge ka? Bai ko ɗago ba ya ce, "Tagwayen nan mana, Kawu. Musamman Fred."

Ummi ta buɗe baki. Na zare mata ido, irin wanda da an zare wa wani a Zariya a 2007 da ban yi mako biyu ina gaba ba. Ta rufe bakin, ta miƙo mini ledar, ta koma ciki da sauri.